Daga Teburin Ofis Zuwa Bakin Rumbu: Jawabi a Taron Ɗaliban Kankiya da Kusada



An nemi mu ba da labarin shekara guda da muka yi bayan mun karɓi digiri na biyu, muka kuma ajiye aikin gwamnati. Mu uku ne, biyu daga Kankiya, ɗaya daga Kusada, kuma da bakin dukanmu ake wannan magana.

Mun shiga karatun a 2021, muna tsammanin shekara biyu za ta ishe mu. Sai yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kafin mu gama rubuta kundinmu an janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, har kuɗin motar zuwa ganin malami mai duba aikinmu ya zama abin da ake yi wa shawara a gida. Da takarda ta zo hannu a 2024, muka ɗora ta a kan albashinmu, muka ga ba ta ƙara masa nauyin a zo a gani ba. Biyu daga cikinmu tattalin arzikin noma muka karanta, watau mun yi shekaru muna rubutu a kan asarar da manomi ke yi bayan girbi, alhali ko buhu ɗaya ba mu taɓa ajiyewa ba. Wannan ne ya fid da mu daga ofis.

A nan za mu ɗan tsaya saboda ƙannenmu ma'aikata. Mu da kuɗinmu muka yi karatu, don haka babu igiya a wuyanmu. Wanda ya tafi hutun ƙaro ilmi yana karɓar albashi, yawanci ya sa hannu a kan zai dawo ya yi aiki na wasu shekaru. Irin wannan ya cika alkawarinsa tukuna, kada ya yi koyi da mu.

Abin da ya fi mana wuya shi ne iyaye. Dattijon da ya sayar da tumakinsa ya kai ɗansa makaranta ba ya son ya gan shi a kasuwa da mudu a hannu. Mahaifin ɗayanmu ya yi mako biyu ba ya amsa masa gaisuwa sai da kai. Muka riƙa kafa hujja da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya sami digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello a 1978, ya koyar, sa'an nan a 1983 ya bar aji ya koma shugabancin gonar Sambo a Funtuwa. Aka amsa mana da cewa shi ɗan babban gida ne, in ya faɗi akwai mai tare shi. Gaskiya ce, kuma ba mu da abin cewa.

Da kakar 2024 muka haɗa abin da muka tara, muka sayi wake da gero a ƙauyukan Kankiya da Kusada. Waken muka zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke hana iska shiga har ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Ta wannan fuska karatu ya yi rana, domin da muka kwance buhunan bayan watanni, wake yana nan garau. Lissafinmu shi ne na kowa: a saya da kaka, a kai Dawanau da bazara in kaya sun yi tsada.

Sai dai kayan ba su yi tsada ba. Tun a Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Mun karanta sanarwar, har mun yi muhawara a kanta kamar muna aji, amma ba mu sa ta cikin lissafinmu ba. A 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka. Mai saye ya sami sauƙi, kuma ba ma baƙin ciki da haka. Mu kuwa mun sayar ƙasa da yadda muka saya. Wani tsohon ɗan kasuwa da bai taɓa shiga aji ba ya rabu da nasa kaya tun da wuri, ya ce ya ga motocin da suka saba zuwa lodi sun ragu. Mu muna duban jadawalin farashin shekarun baya, shi yana duban bakin titi.

Ɗayanmu ya nemi aikin koyarwa ya koma, kuma ba mu ga laifinsa ba, yana da iyali. Mu biyu muka rage. Mun daina sayen hatsi don jiran tsada. Yanzu ajiya muke yi wa manoma a kan lada kaɗan, kowane buhu da sunan mai shi da ranar da ya shigo a littafi, kuma mai kaya ne ke zaɓen ranar sayarwa. Abin da muke samu bai kai albashin da muka bari ba tukuna. Mahaifin nan da ya daina amsa gaisuwa, bana ya aiko da buhun wakensa biyu a ajiye masa, ya kuma ce a rubuta masa rasit kamar kowa.