Bugun Goshi Da Canjin Hali: Jawabi A Taron Wata

Shugaba, dattawa, 'yan'uwa. Ni dai ɗan kasuwa ne, iyakar karatuna Islamiyya. Na nemi a ba ni minti biyar ne saboda maƙwabcin rumfata a kasuwar IBB.

Bara ya faɗo daga kan acaɓa a hanyar Madalla, goshinsa ya bugi kwalta. Aka ɗinke, ciwo ya warke. To, amma wanda ya dawo rumfa kamar an sauya mana shi. Bawan Allah da ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba, sai ga shi yana zagin masu ciniki, yana rabar da atamfa bashi ba lissafi. Wasu suka ce sammu, wasu suka ce aljanu. Matarsa ta yi yaji. Ni kaina wata biyu na yi ba na gaishe shi, Allah Ya yafe mini.

Da ƙanensa ya kai shi asibitin koyarwa na Gwagwalada, na raka su. Aka ba shi kalmomi ya riƙe, aka sa shi zana agogo, aka gwada shi da lissafi. Likita ya ce mana ƙwaƙwalwa kamar kasuwa take, kowane layi da sana'arsa. Ƙeya ce ke kula da gani. Magana galibi tana ɓangaren hagu, wanda kuma shi ke juya hannun dama, shi ya sa mai shanyewar ɓarin dama kan rasa magana. Bayan goshi kuwa nan linzami yake: kunya, haƙuri, da tsara abin da za a yi gobe. Nan ne maƙwabcina ya ji rauni. Har ya ba mu labarin wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage, da ƙarfe ya huda masa kai a 1848. Ya rayu, amma abokansa suka ce halinsa ya canza.

Addu'a ba mu fasa ba. Sai dai mutumin nan majinyaci ne, kuma sauƙinsa a hankali yake zuwa. Yanzu matarsa ta koma, ƙanensa ke riƙe masa littafin bashi.

Roƙona biyu ne. Matasanmu masu acaɓa su riƙa sa hular kwano. Sannan duk wanda ya san ya karɓi atamfarsa a watannin nan, don Allah ya kawo kuɗin wurin ma'aji kafin taro mai zuwa. Wassalam.