Resista da Fitilar Cikin Mota



Abin da ya tara mu yau bai wuce ƙwayar shinkafa girma ba, amma yana iya jawo ƙonewar motar da mutum ya shekara biyar yana biyan bashinta. Muna nufin resista, wato birkin da ake sa wa wutar lantarki don kada ta wuce kima.

Da yawa daga cikinmu, da zarar mun sami mota, ko da 'yar Kwatano ce, sai mu cire tsohon ƙwan rufi mu sa farin nan da ake kira LED. Ba mu ga laifin haka ba: haskensa ya fi, cin wutarsa kaɗan ne. Tun 1962 Nick Holonyak ya ƙera mai jan haske a Amurka, fari kuwa sai a 1996 ya shiga kasuwa, bayan masanan Japan sun gano shuɗi. Amma halinsa dabam yake. Tsohon ƙwai yana da zare wanda in ya yi zafi yakan rage wutar da ke ratsa shi. LED ba shi da wannan kara. Duk abin da aka ba shi zai zuƙe har ya ƙone.

Saboda haka ake jera masa resista a kan wayarsa, wutar ta ratsa ta kafin ta isa gare shi. Lissafin kuwa na Georg Ohm ne, tun 1827. Farin LED ƙarami yana bukatar wajen bolt 3.2 da ampiya 0.02. A nan ne mutane kan yi tuntuɓe, domin sukan yi lissafi da bolt 12 da ke rubuce jikin batir, alhali idan inji ya tashi altaneta kan kai wutar bolt 14.4. Mu cire 3.2 daga 14.4, saura 11.2, mu raba da 0.02, mu sami om 560. Wanda ya yi da 12 zai sami om 440, ƙwansa ya dinga shan ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu, ya mutu da wuri, shi kuma ya zagi ɗan kasuwa. Zafin da resistar za ta ɗauka ya kusa rubu'in wat, don haka a sayi mai rabin wat. Ƙwan da aka rubuta masa bolt 12 kuwa, da tasa resistar a ciki, ba ya bukatar wata.

Akwai wata resista ta biyu, ita ce muke tsoro. A wasu motocin zamani, bayan an rufe ƙofa sai a ga LED yana ɗan haske, saboda 'yar wutar da na'urar motar ke bari tana zagayawa, wadda ba ta isa ta kunna tsohon ƙwai ba. Sai mai gyaran waya ya ɗauko resistar nan mai ruwan zinariya, mai om 6, ya haɗa ta tsakanin wayoyin fitilar biyu. Don fitilar sigina aka yi ta, kuma so ake a ɗaure ta jikin ƙarfe. A bolt 14 tana mai da wat 33 zafi zalla, alhali tsohon ƙwan rufi wat 5 ne ko 10. To, a tura wannan cikin soso da yadin rufi, a watan Afrilu, a mota mai tsaye cikin ranar Sakkwato! Sau da yawa resista mai om 1,000 da rabin wat ta isa kashe ɗan hasken nan, in ma ya dame mu.

Don bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa muke raina shi. Amma batir ɗin da ke juya inji yana iya zuba ɗaruruwan ampiya cikin siririyar waya idan bawonta ya saɓule ta taɓa jikin mota. Fis kaɗai ke tsakaninta da gobara, domin waya yake karewa, ba ƙwai ba. Wanda fis mai lamba 10 ya ƙone masa, ya sa mai lamba 30, ko ya naɗa takardar azurfa ta kwalin taba, ya sallami mai gadi ke nan. Mu tuna kuma, wayar fitilar rufi da wuta a cikinta ko an zare makulli, don haka tana iya kamawa da tsakar dare.

Kafin a taɓa kome, a kwance kan batir mai alamar ragi. A haɗa waya da dalma a rufe ta sosai, ba a murɗa kawai ba. Wayoyi masu ruwan ɗorawa da ke bin ginshiƙan rufi na jakar iska ne, a bar su. Idan kuma an sa LED ya ƙi kamawa, kada a fara yanke-yanke. A fitar da shi a juya kansa, domin ta gefe ɗaya kawai wuta ke ratsa shi.