JAWABI A TARON ƘUNGIYA: IDAN SHUGABA YA CANZA A AMURKA, INA MAKOMAR MASU JINGINA DA ITA?

 

An nemi mu ɗan yi bayani a kan maganar da ke yawo a rumfunan kasuwa da majalisun dare, wato me ya shafe mu a nan Kafanchan idan aka yi sabon shugaba a Amurka. To, mu 'yan kasuwa ne, da idon kasuwa za mu duba ta. Duk wanda ke karɓar kaya bashi a hannun mutum ɗaya a Kantin Kwari ya san halin da yake shiga ranar da maigidan ya kau, ɗansa ya gaji shago. Littafin bashi yana nan yadda yake, amma alkawarin baki ya tafi da mai shi. Haka ƙananan ƙasashe suke da manya, musamman idan suna cikin yaƙi.

Mu fara da ƙasarmu. A shekarar 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Gwoza, yaƙin kuma yana neman cin Nijar da Cadi da Kamaru, Nijeriya ta nemi sayen jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra daga Isra'ila. Da yake jiragen ƙirar Amurka ne, sai da izininta, gwamnatin Obama kuwa ta hana. Suna da wata doka da suke kira dokar Leahy, wadda ta hana a taimaki rundunar da ake zargi da cin zarafin farar hula, kuma ana yi wa sojojinmu wannan zargi a lokacin.

Daga baya aka shiga cinikin wasu jiragen yaƙi guda 12 masu suna Super Tucano. Ana gab da gamawa, ranar 17 ga Janairu 2017, jirgin sojan samanmu ya jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Barno, mutane da yawa suka rasu, Allah ya jiƙansu. Obama ya dakatar da cinikin. Kwana uku bayan haka aka rantsar da Trump, kuma a watan Agusta na shekarar gwamnatinsa ta amince a sayar. Nijeriya ta biya kusan dala miliyan 500, amma shidan farko ba su iso ba sai Yulin 2021. Jama'a, ku lura: yaƙi ɗaya ne, sojoji su ne dai, abin da ya canza kawai shi ne mai zama a kujera a Washington. Kuma a shekarun da aka yi ana jira, mutanen Barno da Yobe ne suka biya da rayukansu.

Abin ya fi muni a wasu wurare. Najibullah na Afganistan ya jingina da Tarayyar Sobiyet. Gorbachev ya hau a 1985, ya kwashe sojojinsa a Fabrairun 1989, duk da haka ya ci gaba da aiko da mai da makamai, gwamnatin ta tsaya da ƙafarta shekara uku. Da Tarayyar ta wargaje a ƙarshen 1991, Yeltsin ya yanke tallafin, kafin ƙarshen Afrilun 1992 gwamnatin Najibullah ta faɗi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Yanzu ga inda maganar ta iso ƙofar gidanmu. A Disamban 2020 gwamnatin Trump ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da take zargi da tauye 'yancin addini. A Nuwamban 2021 gwamnatin Biden ta cire ta. A ƙarshen Oktoban 2025 Trump ya sake mayar da ita, har da barazanar turo soja. Kashe-kashen Kudancin Kaduna suna cikin abubuwan da ake ambata idan ana wannan muhawara. Duk lokacin da aka juya, sai wani ɓangare a cikinmu ya yi murna, wani ya shiga zullumi, bayan shekara huɗu a yi musaya. Amma wanda aka kashe a Zangon Kataf ko Kaura, Musulmi ne ko Kirista, babu takardar Washington da ta dawo wa iyalinsa da shi.

Mun ga Maris na 1987 a nan garin. Mun ga Zangon Kataf a 1992, mun ga 1999, mun ga Afrilun 2011 da aka ƙone kasuwa, aka yi asarar rayuka a Zonkwa da nan Kafanchan. A waɗannan ranaku, da yawa daga waɗanda suka tsira maƙwabci ne ya ɓoye su, ta kowane ɓangare. Taimakon nesa, in ma ya zo, bayan an gama jana'iza yake isowa.

Saboda haka shawararmu uku ce. Na farko, matasa su daina ɗaukar zaɓen Amurka kamar wasan ƙwallo suna yi wa maƙwabta gori da shi, kuma duk saƙon da ya shigo waya a tantance shi kafin a tura gaba. Na biyu, mu riƙe yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan da al'ummomi 29 suka sa wa hannu a Maris na 2016. Wannan alkawari ne tsakaninmu da Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da Atyap da Fulani da sauransu, ba ya jiran zaɓen wata ƙasa. Na uku, mu ƙarfafa cinikin da ya haɗa mu. Mai noman citta yana bukatar mai saye, mai saye yana bukatar manomi, kuma mutum ba ya saurin cinna wa rumfar da ake binsa bashi ko yake bin bashi wuta. Shugabannin ƙungiya su nemi zama da shugabannin kasuwa na ɗaya ɓangaren tun ana lafiya, kada a bari sai hayaƙi ya tashi.

Allah ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.