Me ya sa agwagin Anka da Bukkuyum ba su guje wa dalma ba?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Duk mai kiwo a Zugu ko Gummi ya san akuya ba wawuya ba ce. Zuba mata busasshiyar ciyawa nan, dusa da kanwa can, kwana biyu kawai za ka ga inda take fara dosa. Ba wanda ya koya mata. Ta ɗanɗana, ta ji daɗi, ta riƙe.

Masana sun auna wannan abu. A 1961, Richard Herrnstein na Jami'ar Harvard a Amurka ya sa tattabaru a akwati mai maɓalli biyu. Kowanne in tattabara ta sare shi da baki yakan saki hatsi jefi-jefi, amma ɗaya ya fi ɗaya kyauta. To, ba su tare a kan mai yawan kaɗai ba fa. In wannan yana ba da kashi uku, wancan kashi ɗaya, haka suke raba saran nasu, kusan uku da ɗaya. Lissafi tsaf, ba biro ba takarda.

Haka suke koyon gudun abin cutarwa ma. A 1955 John Garcia ya nuna cewa ɓeran da ya sha ruwa mai zaƙi sannan ya kamu da ciwo, yakan ƙaurace wa ruwan. Daga baya aka gano ko da ciwon ya zo bayan wasu awanni, darasin na zama.

Amma awanni fa aka ce, ba watanni ba. Nan ne zancen ya dawo gida.

A farkon 2010, agwagi suka fara mutuwa a ƙauyukan da ake haƙar zinare a Anka da Bukkuyum, ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Agwagwa takan haɗiyi ƙasa da ƙananan tsakuwa don su taya ƙundunta niƙa abinci. A wajenta wannan zaɓi ne mai riba, kullum yana biya. Sai dai dutsen zinaren da ake dakawa har cikin gidaje cike yake da dalma, ƙurarsa ta bi tsakar gida da bakin kududdufi. Ita kuwa dalma a hankali take taruwa a jiki, ba ɗaci a baki, ba gargaɗi nan take. Yaya dabba za ta haɗa ciwon yau da abin da ta tsinta watanni da suka wuce? Ba ta da hanya.

Ni a ganina, abin da ya fi ciwo shi ne lissafinmu bai fi nasu nisa ba. Kuɗin zinare a hannu yake zuwa, yau-yau. Gubar kuma shiru. Sai da likitocin MSF suka lura da yawan mutuwar yara a watan Maris na 2010, aka bincika ƙauyuka irin su Yargalma, Dareta da Abare. Yara sama da 400 aka rasa, Allah ya jiƙansu. Bagega ma sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta.

Masu kiwo a cikinku, ku faɗa mana a ƙasa: wace dabba ce ta fi saurin gane inda abinci yake a gidanku? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.