Jawabi bisa tarin ɗiyan mussa

Jama'a, mussa ita ce mai gadin rumbu. Gidan da ya rasa ta, kusu ne ke cin hatsinsa. To, akwai wata ƙaramar tsutsa mai shiga huhun mussa, kuma ɗiyanta ƙanana ta fi kashewa.

Ga yadda take shiga. Mussa maras lafiya tana zubar da ɗiyan tsutsar cikin kashinta. Dodon koɗi ya kwashe su, musamman da damana. Kusu, ko tsuntsu, ko ƙadangare, ko kwaɗo ya ci dodon koɗin. Mussa ta kama shi ta cinye. Bayan kamar sati 6 tsutsa ta girma cikin huhu, tana yin ƙwai.

Babbar mussa sau da yawa ba ta nuna kome. Ɗan ƙarami kuwa sai tari da atishawa, hanci yana zuba, yana ramewa. In an ƙyale shi, wasu ƙwayoyin cuta su samu hanya, ciwon huhu ya kama shi. Wani ma ruwa ya taru cikin ƙirjinsa. Ɗan mussa mai numfashi da baki buɗe yana bakin mutuwa, kada a jira gobe.

A kai shi wurin malamin dabbobi, tare da sabon kashinsa. Cikin kashin ake ganin tsutsar da madubin likita. Akwai maganinta. Amma kada a ba mussa farasitamol, kashe ta yake yi.

Tsutsan nan ba ta kama mutum.