Idan Mahaifin da Kuka Ɓata Ya Rasu, Wa Zai Ɗauki Nauyin Jana'iza?

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Maganar da ta tara mu yau mai nauyi ce, ba kasafai ake yin ta a bainar jama'a ba. Tun 2019 da ƴan bindiga suka fara koro mu daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa nan jihar Maradi, gidaje da yawa sun watse. Amma wasunmu ba gudun hijira ne ya raba su da iyayensu ba, da ma akwai ɓaraka. Wani ubansa ya saki uwarsa, ya watsar da su tun suna ƙanana. Wata auren dole aka yi mata. Wani rigimar gona ce. Shekaru sun wuce ba magana, sai ga waya daga gida: tsoho ya cika, a turo kuɗi. Zuciya ba ta huce ba, aljihu ba komai, ga kuma bakin mutane. Me ya kamata mutum ya yi?

Mu fara da abin da yake wajibi. Haƙƙin mamaci Musulmi guda huɗu ne: wanka, likkafani, salla da binnewa. Farilla ce a kan al'umma, idan wasu suka yi ta sauka daga kan saura. In muka duba, abin da ke cin kuɗi a ciki kaɗan ne: yadin likkafani, sabulu, turare, itacen rufe kabari, da ɗan abin da za a ba masu haƙa in ba taimako suka yi ba. An so likkafani ya zama mara, kamar uku ko biyar, amma in babu hali, ƙyalle ɗaya da zai rufe jiki ya wadatar. Sahabi Mus'abu ɗan Umairu ya yi shahada a Uhudu bai bar komai ba sai mayafi ɗaya wanda bai kai tsawonsa ba. Aka rufe kansa da mayafin, aka rufe ƙafafunsa da ciyawa. Ba wanda ya ce darajarsa ta ragu.

To, wa zai biya? Malaman mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu ke bi, sun jera abin daki-daki. Na farko, daga dukiyar mamacin ake cirewa, kafin a biya bashin da ake bin sa, kafin wasiyya, kafin rabon gado. In ya bar akuya, ko damin gero, ko gonar da ke hannun wani, daga nan za a fara. Na biyu, in bai bar komai ba, nauyin yana kan wanda ciyar da shi ya wajaba a kansa saboda jini, wato kamar ɗa ko ƴa mai hali. Na uku, in babu mai hali, sai baitulmali, in babu sai jama'ar Musulmi.

A nan akwai gaskiya guda biyu, kowacce sai mun faɗe ta. Ta farko, ɓatawa ba ta goge haihuwa. In kana da halin sayen likkafani, laifin da ya yi maka bai sauke maka wannan ba. Ta biyu, sharaɗin shi ne hali. Wanda abincin ƴaƴansa na wata bai kai ƙarshen wata ba, ba a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Kuma sayen likkafani ba ya nufin ka ce ba a cuce ka ba. Yafiya aikin zuciya ce, tana da lada mai yawa, amma ba a tilasta ta a rana ɗaya. Ke ƴar'uwa da kika gudo daga gidan da aka zalunce ki, kina iya aika abin da kika samu ta hannun amintacce, ba sai kin koma gaban waɗanda kike tsoro ba.

Abin da ke jefa mutane bashi ba likkafani ba ne. Dafe-dafen zaman makoki ne, da sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in. Waɗannan al'ada ce, malamai sun yi saɓani a kansu, amma ba sa cikin wajiban nan huɗu. Hasali ma, da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, Annabi (SAW) umarni ya yi a dafa wa iyalansa abinci, ba su ne suka dafa wa mutane ba. Don haka muna roƙonku: kada a jinginar da katin abinci. Kada a sayar da tanti, ko bargo, ko akuyar da aka ba mace jari. Kada a cire yaro daga makaranta a tura shi aikatau don biyan bashin sadaka. Daidai ruwa, daidai tsaki.

In rasuwar a gida Najeriya ta faru, ga shawarwarinmu. Ku tabbatar da labarin daga bakin mutum biyu da kuka sani kafin ku tura ko dala ɗaya, domin akwai masu damfara da sunan mutuwa. Ku tura wa mutum ɗaya amintacce, ku faɗa masa ƙarara kuɗin na mene ne. In rance kuka ba gidan don a mayar muku daga abin da mamaci ya bari, ku faɗa a gaban shaidu. Kada ku kama hanya cikin ruɗu. Ba a jinkirta binne gawa, sau da yawa kafin ku isa an gama, kuma dajin da ya koro mu yana nan. Wanda ya ga lallai sai ya je, ya fara magana da jami'an kariya na HCR. Addu'a ba ta buƙatar tsallaka iyaka, daga nan ma tana isa.

In kuma a nan ta faru, ko da tsohon yana wata unguwa ba ku gaisawa, ku sanar da shugaban unguwa da liman nan take. A sanar da likita, a nemi takardar shaidar rasuwa, a kuma kai labari ofishin rajista. Mun san wasu na ɓoye mutuwa don kada kason abinci ya ragu. Amma takardar nan ita ce za ta tsaya wa matar mamaci da marayunsa gobe, a maganar gado ko ta komawa gida. Ku kuma tambayi ma'aikatan jin daɗin jama'a ko akwai tallafin da ya shafi irin halinku.

Game da gado, kada wani ya tsorata ku. Rashin jituwa ko rashin tura kuɗin jana'iza ba sa hana ɗa ko ƴa gado a shari'a. Haka nan bashin mamaci daga dukiyarsa ake biya, ba dole ba ne daga aljihun ƴaƴansa, sai wanda ya ga dama don neman lada. Ƴan'uwanmu Kirista su tuntuɓi shugabannin cocinsu kan tsarin binnewa, amma maganar guje wa bashi ta shafe mu duka.

Saura namu, mu maƙwabta. Tun da nauyin kan dawo kan jama'a, mu shirya masa tun kafin ya zo. Muna ba da shawara kowace unguwa ta buɗe asusun likkafani. In gida 50 suka ba da dala ashirin-ashirin, wato sefa 100, an tara jaka biyar. A damƙa wa mutum biyu, namiji da mace, a rubuta shige da fice. Sannan mu kama bakinmu. Wanda bai yi kuka ba, ko wadda ba ta zauna makoki ba, ba mu san abin da suka haɗiye ba. Mu kai musu abinci, mu yi musu gaisuwa kamar kowa.

Allah ya gafarta wa iyayenmu, ya sanyaya zukatan waɗanda aka ɓata wa, ya mayar da mu garuruwanmu lafiya.