Idan Ƙafar Mota ta Baya Tana Ƙara

Yau zancenmu a kan mota ne. Yawancinmu ba direbobi ba ne, amma dukanmu muna shiga akori-kura ran kasuwa, da mu da iyalinmu da buhunanmu. Saboda haka ƙarar da mota ke yi ta shafe mu duka.

Wata rana muna tafe da littattafan wannan aji, sai muka ji ƙwal, ƙwal, daga ƙafar baya ta hagu. Direba ya ce ba kome. Muka ce a dai tsaya. Da aka duba, noti 5 ne ke riƙe da ƙafar, 3 sun kwance. Da mun ci gaba, da watakila ƙafar ta fita mun kife.

To, yaya ake gane inda ciwon yake? Da fari a kasa kunne, a lura da lokacin da ƙarar ke zuwa.

In ƙarar tana bin gudun mota, watau an ƙara gudu ta ƙara sauri, to abin da ke juyawa ne. Ko noti ya kwance, ko taya ta kumbura, ko dutse ya maƙale.

In ba a jinta sai an faɗa rami ko an hau gargada, to a duba sifirin ko ya karye, da shokazoba ko ta saki.

In sai an taka birki take zuwa, to laifin yana cikin birki.

In gurnani ne ba bugu ba, tsakiyar ƙafar kuwa ta yi zafi ƙwarai, to boris ne ya ci.

Sa'an nan a tsaya a wuri mai faɗi, a gefen hanya. A kashe inji, a ja birkin hannu, a sa giya, kowa ya sauka. A fara duba kaya, gama wani lokaci garwa ce kawai ke bugun bodi. Daga nan sai noti. A gwada kowane ɗaya da sifana. In an ga jan tsatsa ko ƙyalli kewaye da noti, alama ce ƙafar tana motsi. A ɗaure su a gicciye, wannan sa'an nan na daura da shi, ba bi da bi ba. Bayan an ɗan yi tafiya a sāke gwadawa.

In ba noti ba ne, a tokare ƙafafun gaba da dutse, a ɗaga motar da jak. A kama tayar sama da ƙasa, a girgiza. Ƙafa mai lafiya ba ta lilo. Amma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak yana zamewa.

Aikin birki da boris na makaniki ne. Ga amfanin karatunmu. A rubuta lokacin da aka ji ƙarar, da gefen da ta fito, a nuna masa.

Kada fasinja ya ji kunyar cewa, "Direba, tsaya mu duba." Tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.